Zama da Matsakaicin Ciwon Ƙoda a Birnin Sakkwato

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan da kan zauna a jikin ɗan Adam shekara da shekaru, kaɗan ne suka kai ciwon ƙoda iya ɓuya. Zazzaɓi yakan sanar da zuwansa da rawar ɗari, gyambon ciki yakan hana mai shi barci, amma ƙoda tana iya rasa rabin ƙarfinta mai ita yana zuwa ofis, yana shiga aji, yana cin tuwonsa, bai ji kome ba. Sau da yawa labarin yakan fito ne bisa katari: an je gwajin lafiya domin ɗaukar aiki ko tafiya aikin Hajji, ko an kwanta asibiti saboda wani ciwo dabam, sai takardar gwajin jini ta nuna ƙoda ta yi rauni. Daga nan sai hankali ya tashi, domin abin da yawancin jama'a suka sani game da ciwon ƙoda shi ne injin wanki da irin kuɗin da yake ci.

Manufar wannan lacca ita ce a yi bayani a kan matakin tsakiya na wannan ciwo, watau wanda likitoci ke kira mataki na 3, inda ƙoda ta raunana amma ba ta gaza ba. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, mafi yawan waɗanda ke wannan mataki ba sa kaiwa ga wankin ƙoda har iyakar rayuwarsu. Abin da ke raba wanda zai kai da wanda ba zai kai ba, bayan ikon Allah, shi ne saurin da ƙodar ke yi wajen lalacewa. Wannan sauri kuwa akwai hannun majiyyaci a cikinsa.

Aikin ƙoda a jiki

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayan ciki, dama da hagu, kowace girmanta kamar dunƙulen hannunsa. A cikin kowace akwai ƙananan matatai wajen miliyan 1. Ruwan da suke tacewa daga jini a yini guda ya kai lita 180, watau jarka 9 mai cin lita 20. Kusan dukansa sukan mayar wa jiki, sai wajen lita 1 da rabi da ke fita a matsayin fitsari tare da dattin da jiki ba ya bukata. Bayan tacewa, ƙoda ce ke daidaita ruwa da gishirin jiki, tana da hannu wajen daidaita bugun jini, tana fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, tana kuma taimakon ƙashi ya yi ƙarfi. Shi ya sa idan ta raunana akan ga hawan jini da ƙarancin jini da raunin ƙashi sun biyo baya.

Matatar da ta mutu ba ta sake tsirowa. Waɗanda suka rage su ke ɗaukar aikinta, kamar ofishin da aka rage wa ma'aikata amma ba a rage masa fayiloli ba. Da farko aiki yakan ci gaba kamar ba abin da ya faru, sa'an nan gajiya ta fara kayar da sauran ɗaya bayan ɗaya. Dukan maganin wannan mataki manufarsa guda ce: a sauƙaƙa wa matatan da suka rage nauyi domin su daɗe.

Yadda ake aunawa

Tun a shekarar 1827 wani likita a birnin Landan, Richard Bright, ya nuna cewa kumburin jiki da fitar furotin a fitsari suna da alaƙa da lalacewar ƙoda. Har yau gwaji biyu ne ginshiƙi. Na farko na jini ne, inda ake auna wani datti da tsoka ke fitarwa mai suna kiriyatinin. Daga yawansa, tare da shekarun mutum da jinsinsa, ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda, wanda ake rubutawa eGFR a takardar sakamako. Matashi mai lafiya yakan sami 90 ko fiye. A shekarar 2002 masana a Amurka suka kasa ciwon zuwa mataki 5, daga baya ƙa'idar duniya ta 2012 ta raba mataki na 3 gida biyu: 3a daga 45 zuwa 59, da 3b daga 30 zuwa 44. Mataki na 4 daga 15 ne zuwa 29, abin da ya gaza 15 kuwa shi ne mataki na 5, inda ake maganar wanki ko dashe.

Gwaji na biyu na fitsari ne, domin a ga ko furotin na zurarewa. Lafiyayyar matata ba ta barinsa ya wuce. Mutum biyu suna iya samun lamba ɗaya a gwajin jini, amma wanda fitsarinsa ke ɗauke da furotin mai yawa ya fi ɗan'uwansa shiga hatsari nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda aka yi wa gwajin jini kaɗai, rabin labari ya ji. Haka kuma gwaji sau ɗaya ba ya yanke hukunci, domin zazzaɓin cizon sauro ko gudawa suna iya saukar da lambar na ɗan lokaci. Ba a kiran ciwon daɗaɗɗe sai raunin ya wuce wata 3.

A nan ne ɗan lissafi zai yi amfani. A ɗauka ma'aikaci ne mai shekara 50, lambarsa 50. Idan ƙodarsa tana raguwa da maki 1 a shekara, wanda shi ne kusan abin da tsufa kaɗai ke ci, sai ya shekara 35 kafin ya sauka zuwa 15. Idan kuwa maki 5 take raguwa a shekara, shekara 7 kacal ta ishe shi. Mataki ɗaya suke, amma ɗaya zai ga jikokinsa sun girma bai san injin wanki ba, ɗayan zai hau shi tun bai yi ritaya ba. Don haka ake son majiyyaci ya auna daga sau 1 zuwa sau 3 a shekara, gwargwadon yadda likita ya tsara, ya kuma adana takardunsa a wuri guda bisa jerin kwanan wata. Jerin lambobin shekaru 3 ya fi lambar yau kaɗai faɗin gaskiya.

Abubuwan da ke kawo shi

An ƙiyasta cewa wajen mutum 1 cikin manya 10 a duniya yana da wani mataki na wannan ciwo. A Nijeriya manyan musabbabansa su ne hawan jini, da kumburin matatan ƙoda kansu, da ciwon sukari. Akwai kuma ciwon sikila, da ciwon hanta, da ƙanjamau. A shekarar 2010 masana suka gano alaƙar ciwon da wani ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda wasu nau'o'insa suka yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu, suna kuma ƙara hatsarin ciwon. Saboda haka gidan da aka taɓa samun mai ciwon ƙoda ya kyautu sauran 'yan'uwa su auna.

Ƙasar Sakkwato tana da nata ƙarin. Tsargiya, wadda yara ke kamuwa da ita wajen wanka a gulbin Rima da gulbin Sakkwato da magudanan noman rani irin na Goronyo, takan bar tabo a mafitsara da hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda. Yaron da ya yi fitsarin jini aka ɗauka alamar girma ce, yana iya zuwa asibiti bayan shekara 30 da ƙodar da fitsari ya taru a cikinta ya kumbura ta. Tsakuwar ƙoda ma ta fi yawa a ƙasashe masu zafi, sa'an nan ga kumburin mafitsarar tsofaffin maza da ke tare fitsari. Waɗannan duka toshewa ce, hoton ciki yana nuna ta, sau da yawa kuma idan an buɗe hanyar da wuri lalacewar takan tsaya. Wajibi ne kenan duk wanda aka ce yana da ciwon ƙoda ya tambayi likitansa mene ne ya kawo shi, domin magani yana bin sanadi ne.

Hawan jini da ciwon sukari

Babu abin da ya kai riƙe bugun jini muhimmanci a wannan mataki. Hawan jini yana lalata ƙoda, lalatacciyar ƙoda kuma tana ƙara hawan jini, sai abin ya zama zagaye. Abin da ake nema ga yawancin majiyyata shi ne awo ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80. Mallakar na'urar awo a gida da rubuta abin da ta nuna a ɗan littafi ya fi dogaro da awon ranar asibiti kaɗai.

Akwai magungunan hawan jini iri biyu da ke yi wa ƙoda kariya ta musamman, misalinsu lisinopril da losartan. Suna rage matsi a cikin matatan, suna rage zurarar furotin. Ɗaya daga ciki ake sha, ba a haɗa su, mai ciki kuma ba ta shan su. Bayan an fara akan sake gwajin jini cikin mako 2 zuwa 4. Bugu da ƙari, manyan gwaje-gwajen da aka buga sakamakonsu a 2020 da 2022 sun nuna cewa dapagliflozin da empagliflozin, waɗanda asali don ciwon sukari aka ƙirƙiro su, suna rage saurin lalacewar ƙoda har ga wanda ba shi da sukari. Mai shan metformin kuwa akan rage masa idan lambarsa ta gaza 45, a tsayar idan ta gaza 30.

Babban kuskuren da ake yi shi ne ajiye magani da zarar an ji sauƙi, ko da zarar albashi ya yi jinkiri. Ciwon da ba ya sa zogi ba a gane tafiyarsa da jin jiki. Ya kamata kuma a sani cewa mai mataki na 3 ya fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki a kan gazawar ƙodar kanta. Saboda haka barin taba, da rage ƙiba, da tafiyar ƙafa ta minti 30 da sanyin safiya, da shan maganin kitsen jini idan an rubuta, duka suna cikin maganin.

Abinci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Wannan ya haɗa da gishirin da ba a gani: na dunƙulen miya, da na yaji, da kilishi, da burodi, da taliyar leda, da kifin gwangwani. Tukunyar da aka sa wa gishiri da dunƙule 5 da kanwa ta sami gishiri sau uku ne da suna dabam dabam, domin ita ma kanwa sinadarin sodiyam ne cike da ita. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan jego. Abin da ya nauyaya wa zuciya haka ba zai bar raunanniyar ƙoda ba. Albasa, wadda ƙasar Sakkwato ta shahara da nomanta, da tafarnuwa da citta da daddawa suna iya ɗaukar ɗanɗanon miya, harshe kuma yakan saba cikin 'yan makonni. A yi hattara da gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, domin yawancinsa fotasiyam ne, wanda ƙoda mai rauni ke wahalar fitarwa.

Game da furotin, ƙa'idar ita ce kimanin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini. Mai kilo 60 zai nemi wajen giram 48, nama ɗanye mai giram 100 kuwa yana ɗauke da wajen giram 20, ga kuma wanda ke cikin wake da nono da hatsi. Ma'anar wannan ita ce a ci nama kaɗan a cikin miya, a guji zaman tsire da balangu kowane dare, a kuma ja hannu a kwanakin Babbar Salla. Amma fa kada tsoro ya kai mutum ga yunwa. Akan ga majiyyacin da 'yan'uwa suka hana shi nama da wake da ƙwai da 'ya'yan itace gaba ɗaya har ya rame, ramar kuwa ita ma cuta ce. Dabino da ayaba da lemo da tumatir da alayyafo suna da fotasiyam, amma a mataki na 3 ba a hana su sai gwajin jini ya nuna ya hau.

Zafi da ruwa da azumi

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato yakan haura digiri 40. Mai aiki a fili, ko ɗan kabukabu, ko ɗalibin da ke kai da kawowa tsakanin gari da mazaunin jami'a na dindindin, yana zubar da ruwa mai yawa ta gumi. Idan ruwan jiki ya ragu jinin da ke isa ƙoda yakan ragu, kowane irin wannan bugu kuwa yana iya kashe wasu matatai. Ma'auni mai sauƙi shi ne launin fitsari: idan ya yi duhu, jiki na neman ruwa. Sai dai ɗura ruwa fiye da kima ba ya wanke ƙoda. Wani gwaji da aka yi a Kanada a kan masu mataki na 3, aka buga a 2018, bai nuna cewa ƙarin ruwan ya rage saurin lalacewa ba. Mai kumburin ƙafa ko ciwon zuciya kuwa likita ne zai ƙayyade masa abin da zai sha.

Ranar da amai ko gudawa ko zazzaɓi mai tsanani ya kama majiyyaci, ranar hatsari ce. A irin wannan rana magungunan da ke kare ƙoda suna iya juyewa su cutar da ita, don haka likitoci kan ba da umarnin a dakatar da wasunsu na kwana 1 ko 2. Ya kyautu a nemi wannan umarni a rubuce tun ana lafiya.

Daga 2022 zuwa 2025 azumin Ramadan ya faɗo cikin watannin Maris da Afrilu, tsakiyar bazara. Mai mataki na 3 wanda lambarsa ta tsaya wuri ɗaya yakan iya azumi bisa kulawar likita: a auna kafin wata ya kama, a sake aunawa bayan mako 1 ko 2, a mayar da magunguna lokacin buɗa baki da sahur, a sha ruwa a rarrabe cikin dare, a guji rana. Wanda ya haɗa da ciwon sukari, ko lambarsa ke sauka da sauri, ko ya shiga mataki na 4, hatsarinsa ya fi girma. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, abin da ya dace shi ne a ji bayanin likita a kai wa malami.

Magungunan da ke cutarwa

Ƙoda ce mafitar yawancin magunguna, don haka ita ke fara ɗanɗana gubarsu. Mafi yawan ɓarna daga magungunan ciwon jiki take zuwa, irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam, waɗanda ake saye a kemis da hannun 'yan talla ba tare da takardar likita ba, har da haɗin ƙwayoyin gajiya da ake ƙullawa a leda. Suna rage jinin da ke shiga matatan. Paracetamol bisa ƙa'ida ya fi aminci. Allurar gentamicin ma tana da illa, haka man shafawa na sauya launin fata mai ɗauke da sinadarin makuri.

Sai kuma jiƙe-jiƙe da garin magani da ake tallarsu da lasifika a tasha da bakin kasuwa, na basir da na sanyi da na ƙarfin maza. Matsalarsu ita ce ba a san abin da ke ciki ba, ba a kuma san awonsa ba. Kasancewar abu tsiro ne ba ya wanke shi. A farkon shekarun 1990 mata wajen 100 a ƙasar Beljiyam suka sami mummunan ciwon ƙoda bayan shan wani haɗin saiwoyi na rage ƙiba. Ƙa'ida ga mai ciwon ƙoda ita ce, duk wanda zai ba shi magani, likita ne ko mai kemis ko mai gargajiya, ya fara gaya masa halin ƙodarsa.

Lissafin kuɗi

Wankin ƙoda yadda ya kamata sau 3 ne a mako, kowane zama wajen awa 4. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sauko da kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Ko da wannan rangwame, zama 12 a wata ya kama naira 144,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Dashen ƙoda, wanda aka fara cin nasararsa a Boston ta Amurka a 1954, an soma yinsa a Nijeriya a Legas a 2000, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 2002, sa'an nan a 2025 aka yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wannan ci gaba ne babba, amma dashe yana bukatar mai bayarwa da miliyoyin naira da shan magani har abada. Idan aka ɗora waɗannan a sikeli da kuɗin ƙwayar hawan jini da gwaji sau 2 a shekara, ba sai an yi dogon bayani ba. Ma'aikacin da ke cikin tsarin inshorar lafiya, wanda dokar 2022 ta wajabta, ya kamata ya yi amfani da shi tun a wannan mataki.

Ana tura majiyyaci ga ƙwararren likitan ƙoda idan lambarsa ta gaza 30, ko tana sauka da fiye da maki 5 a shekara, ko furotin ya yi yawa a fitsari, ko hawan jini ya ƙi jin magani. Kumburin fuska da ƙafa, da ƙarancin fitsari, da haki, da amai mai naci, ba a kwana da su a gida.

Kammalawa

Matsakaicin ciwon ƙoda ba ya warkewa, amma yana jin tattali. Abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage kuwa yana iya isar mutum har tsufa idan ya riƙe bugun jininsa, ya rage gishiri da kanwa, ya kiyayi rana da maganin da bai san asalinsa ba, ya kuma riƙa duba jerin lambobinsa. Ɗalibi da ma'aikaci su ne masu karanta wa iyaye takardar asibiti a gidaje da yawa na wannan birni. Duk wanda ke da mahaifi ko mahaifiya mai hawan jini ko ciwon sukari, ya dace ya tambaya yaushe rabon da a auna musu jini da fitsari domin ƙoda. Idan an shekara ba a yi ba, lokaci ya yi.